Kwaramniyar Rumfar Mota: Gargaɗin da Muka Daina Ji

  Sharhinmu na yau a kan abin da kowa ya saba ji ne, har sabo ya sa aka daina jinsa: kuka da kwaramniyar da rumfar tsohuwar mota ke yi tun daga tasha har inda za a sauka. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. To a ba mu aron kunne, domin a ƙarƙashin wannan ƙaramar magana akwai batun dukiya, akwai batun lafiya, akwai kuma batun rai.

A ƙasashen Turai akwai motocin shan iska masu rufin yadi, waɗanda ake naɗe rufin a mayar da shi baya idan gari ya yi daɗi. Kamfanin Peugeot ya ƙera irinsu a jerin 404, ya kuma fitar da wata a jerin 504 a 1969. Masu irin waɗannan motoci, idan motocin sun tsufa, ɗaya daga cikin abubuwan da ke damunsu shi ne kukan gaɓoɓin rufin. Mu a nan arewacin Kamaru da wuya ka ga irinta, don ranar bazara da ƙurar hunturu ba su bar wa kowa sha'awar tafiya kai a buɗe ba. Amma muna da tamu mai rufin yadi, kuma ita ce ke ɗauke da rayuwarmu: akori-kura mai ƙarafunan rumfa da tamfol a bayanta. Ita ke kai dawa da gyaɗa da albasa kasuwa, ita ke kai buhunan siminti ƙauye, ita ke ɗaukar masu zuwa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ita ce kuma sau da yawa ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare.

Wannan rufi tsohon abu ne a hanyoyinmu. Land Rover ta farko da ta fito a 1948 da rufin tamfol ta fito. Peugeot 404 ta fito a 1960, akori-kurarta ta biyo baya a 1967, kuma dattawan direbobi har yau suna ambatonta da girmamawa. Peugeot 504 ta fito a 1968, daga bisani ita ma aka yi mata akori-kura. Da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, sai motocin da kayan gyaransu suka yawaita a arewacin Najeriya, suna tsallakowa nan ta wajen Mubi da Yola. Daga baya Toyota Hilux da Land Cruiser suka karɓi hanya, ga kuma babura masu ƙafa uku da su ma ake ɗora wa rumfa. Motocin sun canza, amma ginin rumfar bai canza ba: ƙarafa masu lanƙwasa da aka soka a gefen bodi, sanduna a kwance da ke haɗa su, tamfol a sama, igiya ko roba tana riƙe da shi. Ciwon wannan rumfa da na waccan motar shan iska ɗaya ne, maganinsu ma kusan ɗaya ne.

Me ya sa rumfa ke saurin yin baki a ƙasarmu? Abu huɗu ne suka haɗu a kanta.

Na farko hanya. Garinmu Figil yana kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta biyo ta Garwa, kimanin kilomita 90 daga nan, ta wuce Marwa. Amma akori-kura ba a kan kwalta take cin abincinta ba. Tana sauka ne ta bi hanyoyin burji zuwa gonaki da kasuwannin ƙauye, ko ta nufi wajen Lere ta ƙasar Cadi. Hanyar burji idan ta sha taya takan yi ƙananan kunyoyi a jere. Mu yi lissafi mai sauƙi. Idan tsakanin kunya da kunya rabin mita ne, mota kuma tana gudun kilomita 36 a awa, to sau 20 za ta girgiza a cikin daƙiƙa ɗaya, wato sau 72,000 a awa guda. Babu notin da aka ɗaura da wasa da zai jure wannan.

Na biyu zafi. A watan Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, ƙarfen da ke tsaye a rana kuwa ya fi haka nesa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana komawa da sanyi. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 2, idan zafinta ya ƙaru da digiri 30, takan ƙara tsawon da ya haura rabin milimita. Ido ba ya ganin wannan, amma kullum ana yi, rana ta miƙar, dare ya mayar, har mahaɗa ta saki. Ranar nan kuma ita ce ke busar da roba ta tsattsage, ita ce ke cin zaren ɗinkin tamfol.

Na uku ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa da ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina. Figil kuma tana da tata ta daban, domin gari ne na dutse. Masana'antar siminti ta Cimencam tana nan tun farkon shekarun 1970, ga kamfanin Rocaglia mai sarrafa marmara da farar ƙasa, ga dutsen da ake haƙowa a wajen Bidzar. Duk motar da ke lodin buhunan siminti ko na farar ƙasa sai ta kwashi garinsu a kowace kusurwa ta bodi. Garin siminti idan ya sami raɓa ko yayyafi sai ya daskare a cikin mahaɗa, ya hana ta motsin da aka yi ta dominsa, abin da bai daskare ba kuma ya riƙa goge ƙarfe da roba.

Na huɗu damina. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa na kwanciya a ramukan da ƙafafun rumfa ke shiga, tsatsa ta ci daga ciki. Tamfol na auduga yana tsukewa idan ya jiƙa, ya saki idan ya bushe, igiyar da aka ɗaura da safe ta zama sako-sako kafin la'asar.

To jama'a, gyara yana farawa ne daga kunne, kafin a taɓa sifana. Rumfa muryoyi uku gare ta, kowace da abin da take faɗa. Akwai siririn kuka, ƙiiƙii, wanda ke fitowa idan mota ta karkata ko tana tsallake kwari a hankali. Wannan abu biyu ne ke gugar juna a bushe: roba da fenti, ko ƙarfe da ƙarfe a cikin gaɓa, ko tamfol a kan sanda. Akwai kwaramniya, ƙwaram-ƙwaram, wadda ke tashi a kan gargada. Wannan abu biyu ne da ya kamata su manne, amma sarari ya shiga tsakaninsu suna dukan juna. Akwai kuma fat-fat ɗin tamfol idan an ɗauki gudu, alamar ya saki, iska na wasa da shi. Mai guga yana son tsabta da santsi, mai duka yana son ɗauri da abin da zai cike sararin, mai kaɗawa yana son a ja shi. Wanda bai rarrabe waɗannan uku ba zai kashe kuɗi a inda babu ciwo.

Neman inda ƙarar take aikin mutum biyu ne. A fara sauke komai daga bayan mota, jak da sifana da galan da sarƙa da tayar safiya, domin sau da yawa su ne masu surutun, rumfa ta ɗauki laifi. Sannan a tsayar da mota, ƙafa ɗaya a kan ɗan tudu don bodi ya murɗa, a kama kowane ƙarfe a girgiza shi. In ba a samu ba, direba ya ja mota a hankali, tafiyar ƙafa, a fili inda babu zirga-zirga, yaron mota yana zaune a ciki, ba a tsaye ba, ba kuma a rataye ba, yana dafa ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Inda ya dafa ƙara ta ɗauke, nan ne. A sa alama da alli. Ido ma yana taimako: duk inda ka ga jan gari kamar na tsatsa yana zubowa daga mahaɗa, ko ka ga fenti ya goge ƙarfe yana ƙyalli, to wurin yana motsi. A gyara wuri ɗaya, a gwada, kafin a wuce na gaba. Wanda ya kwance komai a lokaci guda ba zai san abin da ya yi magani ba.

Yanzu ga maganar da na fi so masu sauraro su riƙe. Abin da aka fi yi a tashoshinmu idan rumfa ta yi kuka shi ne a ɗebo baƙin mai, wanda aka juye daga inji, a ɗiga a kowace gaɓa, a shafa a kowace roba. Kuka ya ɗauke nan take, kowa ya ce an gyara. Wallahi ba a gyara ba, an sayi shirun kwana kaɗan ne da tsada. Robar da ake yi wa ƙofofi da tagogi ba ta shiri da man fetur da danginsa. Tana shan man, ta kumbura, ta yi laushi, ta ruɓe. Shi kuma man yana kama ƙura, ya zama kwaɓi mai yashi, ya riƙa cin gaɓar fiye da yadda take ci tana bushe. Idan ya taɓa tamfol kuwa, tabo ne na har abada, kuma ya ɓata buhun abinci da tufafin fasinja. Masu shafa man birki don roba ta yi taushi su ma su daina, domin man birki yana cinye fenti, inda fenti ya tashi kuma tsatsa ta samu ƙofa.

Abin da ya dace ya fi wannan araha. A wanke robar da wurin da take kwanciya da ruwa da sabulu, a goge, a bari su bushe. Sau da yawa wankin kaɗai ya isa, tunda ƙura ce ke kukan. In ana son ƙari, a shafa man silikon, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan gyaran mota, ko ɗan gilisarin na kantin magani, a shafa da tsumma siriri, a goge abin da ya yi saura. Inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe, a kwance, a kankare tsatsa da daskararren siminti, a sa giris mai tsabta kaɗan a ciki, a share na waje don kada ya tara ƙura. Zif ɗin labulen tamfol da wuraren da yadi ke gugar sanda kuwa, a goga musu kyandir. Kyandir ba ya kama ƙura, ba ya kuma ɓata kaya.

Mu zo kan kwaramniya. A bi notuna ɗaya bayan ɗaya da sifanar da ta yi daidai da su, ba filaya ba, don filaya na cinye kan noti. Notin da aka ɗaura yau ya saki gobe yana neman washa mai tsaga, ko noti mai roba a ciki, ko kuma a ƙara masa noti na biyu a matse su da juna. In ramin da ƙusar ke shiga ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai, ɗauri ba zai yi ba, sai a cike shi a sake hudawa, ko a sa ƙusa mai kauri da washa mai faɗi. Ƙafafun rumfa da ke rawa a cikin ramukansu, maganinsu na nan wurin mai faci: tsohon tif na taya. A yanka shi siriri, a naɗe ƙafar, a soka ta da ƙarfi, a ɗaura ƙusarta. Inda sanda ke kwanciya a kan sanda, a sa ɗan yankin roba a tsakani. A kuma tabbata ƙasan ramin yana da hudar da ruwa zai bi ya fita. Kada a manta da ƙofar baya da sarƙoƙinta da sakatunta, waɗanda su kaɗai sun isa su cika mota da ƙara. Sarƙa idan aka zura ta cikin guntun tif na keke sai ta yi shiru.

Kuskure na biyu da ya yi yawa, bayan na baƙin mai, shi ne a gaji da ɗaure-ɗaure a kai wa mai walda a ce ya liƙe komai da bodi, a huta. Ina girmama masu walda, aikinsu ne ke riƙe da rabin motocin yankin nan. Amma mota a kan hanyar burji murɗawa take yi, kuma waɗanda suka ƙera ta sun san da haka, shi ya sa suka haɗa sassanta da noti da roba. In ka liƙe rumfa ta zama dunƙule ɗaya da bodi, murɗawar ba ta tafi ko'ina ba, sai dai ta taru a gefen waldar. Nan ƙarfe zai gaji ya tsage, kuma tsagewar ba ta yin shela kamar yadda noti ke yi. Wata rana kawai sai ƙarfe ya karye, mota cike da mutane. Walda tana da wurinta: inda ƙarfe ya riga ya tsage, a huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a liƙe, a ƙara ɗan ƙarfe mai kusurwa uku ya tallafa, a shafa fenti. Kafin a kunna wuta a cire tamfol, a cire kan batir, a kuma san inda tankin mai da galan suke. Bututun da tsatsa ta cinye daga ciki kuwa, ba a yi masa faci, sauya shi ake yi.

Sai tamfol. Ƙarfin iska a kan abin da ke tafiya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ya fi haka: in ka ninka gudu sau biyu, bugun iska ya ninka sau huɗu. Saboda haka tamfol ɗin da ke kaɗawa kaɗan a hanyar ƙauye, da an hau kwalta an nufi Garwa sai ya koma yana fizgar ƙarafan, yana sassauta notunan da ka ɗaura, yana yage zobbansa. A ja shi da rana, lokacin da ya yi taushi, a fara daga gaba inda iska ke shiga, a bi hagu da dama daidai wa daida. Kada a ja shi har ya yi kamar fatar ganga, musamman na auduga, domin in ruwa ya zo ya tsuke zai yage kansa. Ɗaurin roba ya fi ɗaurin igiya zalla, tunda roba na bayarwa tana karɓa. Zoben da ya fita, a kai wa tela ya sa ƙyalle biyu ya mayar da shi, kada a huda yadin da wuƙa a zura igiya. A naɗe saman ƙarafan da tsumma ko roba don kada tsatsa ta ci yadin. Kada a naɗe tamfol yana jiƙe a ajiye, zai yi fumfuna ya ruɓe. Tagar roba mai haske da ake ɗinka masa kuwa, a zuba mata ruwa kafin a goge, don busasshen tsumma a kan ƙura yana karce ta har a daina gani ta cikinta.

Idan kuma a cikin masu sauraronmu, a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, akwai mai ainihin motar shan iska mai rufin naɗewa, to duk abin da muka faɗa ya shafe shi, da ƙarin abu uku. Ya duba ƙugiyoyin da ke kama rufin da saman gilashin gaba, domin a yawancin motocin ana iya ƙara musu ɗauri, kuma su ne suka fi yawan kawo kwaramniya. Ya duba ƙananan robobin da ke cikin gaɓoɓin, in sun cinye a sauya su. Ya duba yadda gilashin ƙofa ke haɗuwa da robar rufin. Kada kuma ya tilasta rufin in ya cije a tsakiyar hanya, don ƙarfen da ya lanƙwashe a irin wannan rufi da wuya ya koma daidai.

Wani lokaci za ka gyara rumfa tsaf, bayan mako guda ta dawo da surutu. To duba ƙasa. Tayar da aka cika wa iska fiye da kima tana aika kowane dutse kai tsaye zuwa bodi. Shokozoba da ta mutu tana barin mota tana tsalle. Sifirin da ganyensa ya karye, ko ƙusoshin da ke riƙe shi da suka saki, ko robobin da bodi ke zaune a kansu da suka lotse, duk suna girgiza rumfa. Ga kuma lodi. An yi ƙarafunan rumfa ne don su ɗauki yadi su ba da inuwa. Mu kuwa muna ɗora musu buhuna da kekuna da awaki, har da mutane a zaune a sama ƙafafu na lilo. Nauyin da ke can sama yana karya ƙarafan, yana kuma sa mota saurin kifewa a kwana. Wannan ɗabi'a ta cinye rayuka a hanyoyin Afirka, kuma kowa a cikinmu ya san haka.

Jama'a masu sauraro, ga dalilin da ya sa na ce maganar nan ta shafi rai. Mota kafin ta yi wa mutum mugun abu takan yi magana. Boris ɗin ƙafa yana gurnani kafin ya kama. Birki yana kuka kafin ya ƙare. Ƙafar gaba tana ƙwanƙwasa kafin ta fita. Notin taya da ya saki yana da tasa ƙarar. Direban da ya yi shekaru a cikin kwaramniya kunnensa ya koyi watsi da duk wata ƙara, ranar da muhimmiyar ta zo sai ta shige cikin sauran bai ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyarmu ce ta fi kowace shan wannan asara, alhali motocinmu ba su kai na sauran yawa ba. Ban ce rumfa ce ke kashe su ba. Abin da nake cewa shi ne motar da ta yi shiru ita ce ake jin ciwonta da wuri.

Akwai kuma gajiya. Wanda ya wuni cikin ƙara yakan sauka da ciwon kai da ƙuncin rai, kuma masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da tabbatar da cewa ƙara mai ƙarfi ta yau da gobe tana rage ji a hankali, ragin da ba ya dawowa. Akwai asarar kaya: tamfol da ya yage a kan hanya a watan Agusta, buhunan siminti ko na masara a ƙarƙashinsa, asarar wannan rana ɗaya ta fi kuɗin gyaran shekara. Akwai mai babur da ke bin bayanka, wanda sandar da ta fita ko yadin da iska ta ɗauke zai iya faɗa masa a fuska. Shi bai ci kuɗin lodinka ba, bai kamata ya biya sakacinka ba.

Na san amsar da direbobi za su ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za su ce motar ba tasu ba ce, maigida kuɗin yini yake jira, in ka ce masa rumfa na ƙara sai ya ce ai tana tafiya. Gaskiya ne. Saboda haka maganata ta farko ga masu motoci ce. Alhaji, motar nan jarinka ce. Washa da guntun roba da kyandir kuɗinsu kaɗan ne, sabuwar rumfa da sabon tamfol kuwa ka san abin da suke ci. Direban da ya zo maka da ƙorafin ƙara yana tsare maka dukiya ne, ka saurare shi, ka ba shi rabin yini ya gyara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malam direba, kai ma da naka. Ka ware safiya ɗaya a mako, kafin lodi, ka zaga motarka da sifana a hannu, ka girgiza kowane ƙarfe, ka taɓa kowace igiya. Bayan ka sauke siminti ko farar ƙasa, ka share bodi tun garin bai sha raɓa ba. Kafin ruwan farko ka duba ɗinki da zobba, bayan ruwan ƙarshe ka duba tsatsa. Ka koya wa yaronka wannan, domin shi ne direban gobe, kuma abin da ya ga kana yi shi zai yi.

Ku kuma kanikawa da masu walda da teloli masu ɗinkin tamfol, a hannunku amanar take. In mutum ya zo yana neman a ɗiga baƙin mai ko a liƙe masa komai, ku gaya masa gaskiya ko da ba ita yake son ji ba. Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi, ku sa duban rumfa da hana hawa samanta cikin sharuɗɗan lodi, kamar yadda kuke duba layi da kuɗin tasha. Masu binciken lafiyar motoci su ma su ɗaga kai su dubi abin da ke saman bodi, kada su tsaya a fitila da birki kaɗai. Fasinja kuma, in aka ce ka hau saman rumfa, ka ce a'a, ka jira ta gaba.

Tsufan mota ba laifi ba ne. Akwai akori-kurar da ta haura shekara 40 tana aiki a wannan yanki saboda ta sami mai kula, akwai wadda ba ta kai rabin haka ba ta zama tarkace saboda an saba da kukanta. Duk wanda ya ji rumfarsa ta yi ƙara gobe da safe, ya tsaya ya nemo inda take, ya gyara kafin ya yi lodi. Rigakafi ya fi magani.

 Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a sana'a.